Me Kike Son Sani, Malama?

Ranar da ta fara ganinsa, ƙafafunsa kawai ta gani. Yana kwance ƙarƙashin teburin ɗakin gwaji na jami'a, yana laluben wayoyin na'urar awon da ta mutu mata ana dab da ta kammala digirinta na biyu a fiziks. Daga can ƙasa ya ce, "Wa ya yi wannan haɗin? Ko ya gaji da duniya ne?"

Ta ce, "Ni ce."

Ya turo kai waje, yanar gizo-gizo a gashinsa, ya dube ta, ya koma ciki. Can ta ji ya ce, "To, haɗin dai ya yi kyau. Wayar ce ba ta da kunya."

Har yau in ta tuna sai ta yi murmushi, ko da a irin wannan yammacin ne da murmushin ma yake mata nauyi. Yanzu ga su mata da miji. Shi kowa Injiniya yake ce masa, gyaran na'urorin asibiti ne aikinsa. Ita kuma Malama, tana koyar da fiziks a sakandaren 'yan mata. Suna zaune a sashen baya na gidan mahaifiyarsa.

Kullum in ta dawo daga makaranta sai ta buɗe kwamfuta a teburin cin abinci, ta shiga farautar gurbin digiri na uku mai tallafi. Ta bi shafukan jami'o'i ɗaya bayan ɗaya, ta karanta binciken farfesa har idonta ya yi yaji, sannan ta rubuta masa saƙo. Ga mai nazarin taurari ta ce tun tana yarinya taurari ke burge ta. Ga mai binciken haske ta ce haske ne burinta. Ta zama hawainiya, kowane reshe da launinsa. Tsohon malaminta kuwa ya rubuta mata takardar shaida har ta fara jin kunyar kiran lambarsa. Amsoshin duk ɗaya ne: godiya, yabo, sannan a ce gurbin ya cika. Wasu ma ko amsar babu.

Auta, ƙanwar mijinta, ta shigo tana taunar cingam, ta leƙa ta kafaɗarta.

"Dakta, an dace?"

"Auta, don Allah ki bar ni da wannan sunan."

"Ai firaktis nake yi, Anti. Kin ga in abin ya zo bakina ya saba." Ta ƙura wa allon ido. "Tsaya, wannan fa? Intabiyu aka ce, ko idona ne?"

Malama ta sake karantawa a hankali. Wata farfesa ce a wata ƙasa, mai bincike kan sinadaran da ake ƙera farantin sola da su, tana son su gana ta bidiyo. Kafin ta ce "kada ki faɗa wa kowa tukuna", Auta ta kai tsakar gida.

Ba a jima ba Mama ta aiko a kira su. Tana zaune a kujerarta ta falo, ƙafafunta da ciwon suga ya kumbura suna kan matashi. Injiniya ya shigo ko takalmin aiki bai gama cirewa ba.

Mama ta ce, "Na ji za a tafi karatu."

"Mama, ganawa ce kawai, ba a ba ta komai ba—"

"Ba da kai nake ba." Ta juya ga surukarta. "'Yar nan, na taɓa hana ki wani abu a gidan nan?"

"A'a, Mama."

"Yayan mijinki ma a nan ya durƙusa, inda kike. Ya ce shekara uku ya dawo. Yanzu 'ya'yansa in aka miƙa musu waya aka ce musu ga kakarku, sai su ce wace. Ɗaya ƙasar waje ta cinye mini, ba zan miƙa mata na biyu da hannuna ba. Yau ke ce za ki tafi, gobe ya ce kewa ta dame shi, ya bi ki." Ta juya ga ɗanta. "Ranar da ta sa ƙafa a jirgi, ka sallame ta. In ba haka ba ka nemi wata uwar."

Auta ta daina tauna. Malama ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan hannunta, ta faɗi abin da ta saba faɗa tun ranar da ta shigo gidan.

"Duk yadda kuka ce, Mama."

Duk da haka ta yi ganawar, don Injiniya ya ce rashin zuwa rashin mutunci ne. A ɗakin malamai ta yi ta bayan an tashi, fanka na juyi a kasale, takardun jarrabawa tuli a gefenta. Farfesar dattijuwa ce mai furfura da tabarau a goshi. Malama ta zayyano mata bincikenta tsaf, ta yabe shi, ta ce a shirye take ta yi aiki a kan duk abin da aka ba ta.

Farfesar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Kin faɗa mini abin da nake yi, kuma na riga na san shi. Ke fa? Me kike son sani?"

"Duk abin da kika ga ya dace, Farfesa."

"Masu aiki ina da su. Mai tambaya nake nema. Digiri na uku doguwar hanya ce, wanda ya ari tambayar wani a tsakiya yake zubewa. Takardunki sun yi kyau, shi ya sa ba zan rufe ƙofa ba. In kin samu tambayarki, ki rubuto mini ita a shafi ɗaya."

Allon ya yi duhu. Malama ta daɗe tana kallon fuskarta a cikinsa. Ba kuka ta ji ba, gajiya ta ji, irin wadda ke shiga har cikin ƙashi.

A gida ta iske Injiniya a kicin yana wanke baƙin mai daga hannunsa. Ta ba shi labari. Ya kashe famfo.

"In na ce ki haƙura da karatun nan, za ki haƙura?"

"In ka ce."

"In na ce ki tafi fa?"

"In ka ce, sai in—"

"Kin gani ko? Wannan ne yake kashe ni, Malama." Ya jingina da bango, idanunsa jawur. "Ni ne fiyus ɗin gidan nan. Wuta ta yi yawa ta can, ni zan ƙone. Ta yi yawa ta nan, ni zan ƙone. Mama ta faɗi abin da take so, ko da ɗaci. Ke kuwa kin bar ni ina ta hasashe. Ta yaya zan tsaya wa wadda ba ta tsaya ba?"

"So kake in yi jayayya da mahaifiyarka?"

"So nake in san matata. Har yanzu ban san ko karatun kike so ba, ko kuwa dai kin saba cin jarrabawa ne."

Maganar ta soke ta. Ta ce, "Haƙurin da nake yi ne laifi?"

Ya ce a hankali, "Ban ce laifi ba ne. Na ce ban ji muryarki a cikinsa ba."

Kwanaki suka shige a haka. Suna gaisawa, suna cin abinci a kwano ɗaya, amma hira ta ƙaura. Ta rufe kwamfutar ta tura ta ƙasan durowa. Mama ma ta rage fara'a, in suka haɗu a tsakar gida kowa sai ya dubi wani wuri. Auta ta daina cewa Dakta, kuma abin mamaki hakan ya fi yi wa Malama ciwo.

Wata Asabar da tsakar rana, zafi kamar ya narkar da kwanon rufi, injin solar gidan ya fara ƙara. Ba wutar gari, Injiniya yana asibiti, kuma ƙaramin firjin da Mama ke ajiye allurar sugarta a kan solar yake.

Mama ta ƙwala kira. "Wa ke nan? Abin nan zai sake kashe mini firji."

Malama ta fito, ta dubi lambobin injin, ta ɗauki bokiti da tsumma ta hau tsani. Farantan sun yi zafin da ba a iya dafa su. Ta dinga shafa musu ruwa a hankali, sannan ta sauko. Lambobin sun ɗan ɗaga, ƙarar ta tsaya.

Mama, da ta dogaro sanda har bakin ƙofa, ta ce, "Ikon Allah. Ni abin da ban gane ba, ba rana yake ci ba? Ga rana har ta yi yawa, shi kuma sai ya yi sanyin jiki."

"Haske yake ci, Mama, ba zafi ba. Zafin ma wahalar da shi yake yi. Kamar mutum ne, a ba shi abinci a ɗakin da ba iska. Dalilin an san shi. Abin da ba a gama samu ba shi ne sinadarin da zai jure irin wannan zafin shekara da shekaru, kuma talaka ya iya saye. Ana ƙera sababbi masu arha, amma zafi da laima suna saurin lalata su. Ni abin da ke damuna, me ke fara lalacewa a cikinsu? Saman ne, ko mahaɗar? In an gwada su a kan rufi irin namu, ba a ɗakin gwaji mai sanyi ba—"

Ta katse maganar, don ta ga yadda Mama ke kallonta. Bokitin yana hannunta, zaninta ya jiƙe, numfashinta na fita da sauri.

Mama ta ce, "Tun da kika zo gidan nan ban taɓa jin kin yi magana mai tsawon wannan ba. Ashe kina da baki."

Daga taga Auta ta ce, "Har da lakca kyauta."

A yammacin nan ta ciro kwamfutar. Ba ta yabi kowa ba, ba ta ari burin kowa ba. Ta rubuta shafi ɗaya a kan rufin gidansu, da zafinsa, da tambayarta. Kafin ta aika ta juya allon wajen Injiniya.

"Ina so," ta ce. "Ba don na saba cin jarrabawa ba. Ina son sanin wannan."

Ya karanta har ƙasa, ya sauke doguwar ajiyar zuciya. "To yanzu na samu abin da zan tsaya a kai."

Amsar ba ta zo da wuri ba. Ta ci gaba da koyarwa, da duba takardu, da auna wa Mama suga kowace safiya, aikin da ta karɓa daga hannun Auta ba tare da kowa ya sa ta ba. Har ta fara cire rai, sai ga saƙon farfesar. An ba ta gurbin da cikakken tallafi. A ƙasa farfesar ta ƙara da cewa ƙera sinadaran a wajenta za a yi, amma gwajin dole a yi shi inda zafin yake, don haka kusan rabin aikin a gida Malama za ta yi shi.

Injiniya ya miƙe. "Bari in je in same ta."

"A'a. Ka ƙone ya isa. Ni zan je."

Ta iske Mama a falo. Ta durƙusa a inda ta durƙusa rannan, ta faɗi komai ba ta rage ba.

Mama ta kawar da kai. "Yayan mijinki ma haka ya ce."

"Na sani, Mama."

"In na ce ban yarda ba fa?"

"Ba zan tsallake maganarki in tafi ba. Amma ba zan ce miki ba na so ba, don ƙarya ce. Gobe zan dawo in roƙe ki, jibi ma haka, har ki gaji da ganina."

Mama ta yi dariyar da ta zo da hawaye. "Ji mini yarinya. Da can da kike cewa duk yadda muka ce, tsoronki nake ji, don mai shiru ba a san ranar tafiyarsa ba. Wancan ma bai taɓa musa mini ba, har ya tafi." Ta share ido da bakin mayafi, ta ɗaga murya. "Kai kuma da kake laɓe a bayan labule, shigo. Maganar sallama na janye ta, Allah ya huci zuciyar kowa."

Injiniya ya shigo yana sosa ƙeya, ya zauna kusa da matarsa.

A ranar Malama ta gane abin da ya kamata kowace 'ya mace ta gane da wuri: haƙuri ba shi ne haɗiye magana ba. Haƙuri shi ne ka faɗi gaskiyar zuciyarka cikin ladabi, sannan ka jira. Mai irin wannan haƙurin ba ya taɓewa, ko wajen neman ilimi, ko a gidan aure.

Mama ta miƙo hannu. "To faɗa mini da bakinki, in ji da kunnena. Ba ta bakin mijinki ba."

Malama ta riƙe hannun da hannayenta biyu. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba.

"Mama, na yi miki alkawari. Zan tafi, kuma ɗanki ba zai biyo ni ba, ni zan dinga dawo masa. Ranar da na gama, in Allah ya kai mu, a ƙofar gidan nan zan sauke jakata, kuma ba zan sake ɗaukarta ba sai da saninki."