Hoto na Ashirin da Biyar

Duk wanda ya buɗe gwangwanin fim ɗin mamaci, sai ya ga abin da zai tayar masa da hankali. Yawanci fumfuna ce, da kashin kyankyaso.

Jazuli ma abin da ya tarar ke nan. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba.

Sana'arsa tace fim, a wani ɗaki marar taga a bayan kasuwa, zamanin kaset ɗin bidiyo. Mutum ne da idan an ce masa aljani ya buge wane, sai ya tambaya ko an gwada maganin zazzaɓi. Mahaifinsa, Malam Haladu, ya rasu da damina. Jazuli ya bi gawa, ya karɓi gaisuwa, ya ci abinci, bai ji komai ba. Zuciyarsa ta yi kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Cikin kayan marigayin akwai tsohon fim na majigi, inda yake tsaye da ƙuruciyarsa yana yi wa mutanen ƙauye bayanin rufe rijiya. Inna Balaraba, mahaifiyar Jazuli, idonta ya daɗe da mutuwa. Abu ɗaya ta roƙa: a mayar mata da fim ɗin kan kaset, ta sake jin muryar mijinta.

To, fim hotuna ne a jere, ashirin da huɗu a kowane sakan. Bidiyo kuwa ashirin da biyar yake ci. Kullum akwai giɓin hoto guda. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗan ƙara wa fim ɗin gudu ya cike giɓin, ba wanda ke lura. Haka Jazuli ya yi, ya kai gida, ya kunna.

Inna ta karkata kai. "Wane yaro ne wannan?"

"Baba ne, Inna."

"Malam bai taɓa magana kamar an biyo shi ba. Kuma muryarsa ba siririya ba ce. Ɗauke abinka."

Saura hanya ta biyu: a bar fim ɗin da gudunsa, a riƙa maimaita hoto ɗaya a kowane sakan. Tsohon da ya koya wa Jazuli aiki ba ya son wannan. Yakan ce hoton da aka maimaita ɗaki ne da ba mai shi. In ya zama dole, kada a yi shi rana tsaka, kada kuma mutum ya yi shi kaɗai. Jazuli ya ɗauka tsohon nan abokin hira kawai yake so, da barcin rana.

Ya yi shi kaɗai. Rana tsaka.

Muryar ta dawo, mai kauri, a natse. Ya tsayar da kaset ɗin yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba. A hoton da ya maimaita, akwai mutum tsaye can bayan rijiya. Ya koma na asali. Ba kowa. Ya matsa zuwa maimaici na gaba. Mutumin ya matso.

Hayaniyar kasuwa ta ɗauke. Fanka na juyawa, ba iska.

"Salamu alaikum."

Wani dattijo ne a bakin ƙofa, cikin farar riga. Sai dai bakinsa ya riga ya rufe kafin sallamar ta iso. Ya tako ciki. Tafiyarsa lafiya lau, amma a kowane sakan sai ya ƙame kaɗan, ƙafa a sama, sannan ya ci gaba.

Jazuli ya amsa sallama. Ya duba zuciyarsa ko akwai tsoro, ya tarar ita ma ba kowa.

"Samari, ka yi gini," in ji dattijon. Leɓe ya motsa, magana ta biyo baya.

"Gyaran kaset nake yi, Baba."

"Mun daɗe a matse cikin baƙin layin nan da ke tsakanin hoto da hoto. Da iyali. Yau mun ga ɗakuna a buɗe."

"In na goge su fa?"

"Sai mu koma. Malam kuma ya koma magana da muryar yaro."

Jazuli ya dubi allon. Mahaifinsa na tsaye da murfin rijiya a hannu, baki a buɗe, yana jiran a sake shi ya ƙarasa zance.

"Kada ku taɓa muryarsa," in ji Jazuli. "Kada kuma ku sha gabansa."

"Haba, samari. Muna da tarbiyya."

Dattijon ya juya ya fita, yana ƙamewa yana tafiya. Kasuwa ta dawo da surutunta.

Da yamma Jazuli ya kunna wa Inna. Malam Haladu ya yi gyaran murya, ya ce, "Jama'a, ku saurara."

"Na'am, Malam," in ji Inna, ta gyara mayafi.

A nan ne wani abu ya motsa a ƙirjin Jazuli, irin zafin da ƙafa ke yi in jini ya fara dawo mata. Ya fita tsakar gida ya daɗe. Da ya dawo, kaset ya ƙare, Inna ta juyo wajensa.

"Shi ne," ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Amma su wa ke numfashi a bayansa? Har da jariri."

"Ƙarar na'ura ce, Inna."

"To. Ka ce wa na'urar jaririn yana da mura."

Saboda haka in aiki ya kai ku ɗakin tace fim, kada ku cike giɓin hoto ku kaɗai, balle rana tsaka.

Shi dai Jazuli har yau bai yarda da aljanu ba, kuma yana da bayanin abin dalla-dalla, na kimiyya. Kaset ɗin yana cikin ɗakin Inna, a kan akwati. Ba ya wucewa ta gabansa sai ya yi sallama.