Ashana a Damtsen Zinnira

"Miƙo hannun nan in gani!"

Gwaggo, uwar mijinta, ta damƙi damtsen Zinnira ta latsa a gaban duk masu jegon da ke kwance a ɗakin haihuwa na asibiti, ta ji abin da aka dasa mata a ƙarƙashin fata.

"Ashanar hana haihuwa! Ashe gaskiya Sabuwa ta faɗa... Kin toshe wa ɗana zuri'a!"

Sabuwa kuwa, 'yar ƙanwar Gwaggo da ta daɗe tana hangen Mahbub, mijin Zinnira, tana bakin ƙofa tana wani sunkuyar da kai. Munafuka!

"Gwaggo, tazara ce kawai... Likita ya ce in na ɗau ciki kafin aikin da aka yi mini aka ciro jaririyar ya warke, mahaifar na iya fashewa. Kuma Mahbub ya amince."

"To ba zai taka inda kike ba sai an cire!"

Haka Zinnira ta yi wankan jego a gidan iyayenta a Gwarzo, daga ita sai jaririyarta sai kewa. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi.

Ba shi ba ne.

Sista Najwa, mai bincike kan matan da suka karɓi tazara kafin a sallame su, ta biyo ta har gida.

"Maigidan yana ba ki goyon baya?"

Zinnira ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

Sai ranar arba'in Mahbub ya zo a kan babur ɗinsa. Ya rame, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Hau. Gwaggo ta ce in kai ki a cire."

Wallahi tsoron mutuwa take ji, amma rabuwa da shi ta fi tsorata ta. Ta gyara goyonta ta hau.

Suka iso ƙofar asibitin. Ya ɗan rage gudu... sai ya murɗa mai.

"Mahbub... ka wuce."

"Na sani."

"Gwaggo fa?"

"Zan yi ta durƙusa mata har ta huce. Ranar da aka shiga da ke tiyata, cewa aka yi in yi ta addu'a kawai. Ba zan sake tsayawa a bakin ƙofar ɗakin tiyata ba, Zinni. Ki yafe mini shirun da na yi."

Ta kifa fuska a bayansa, hawaye na jiƙa masa riga.

"Na yi kewarka..."

"Riƙe ni da kyau, masoyiyata. Garinmu Gude za mu, gida."