Kan Burtun da Na Bari a Dutsen Gurzau

Ladan bai kai ga gyaran murya ba na fito daga ɗaki, baka a kafaɗa, kwari a baya, kan burtu a cikin burgami. A tsakar gida na iske Iya Kuluwa, ungozomar garinmu, tana hura wutar ruwan wankan jego. 'Yata Tabawa ce ta haihu. Ta zubar da jini da yawa, ta ƙi abinci, nono ya ƙi zuwa, kukan jaririn kuwa kullum ƙara sirancewa yake yi. Abu ɗaya ta ce ranta na so: romon mazo, irin wanda marigayiya uwarta take dafa mata.

"Nomau, ka wanke kiban nan?" in ji Iya.

"Na wanke, Iya. Har da toka na dirje su."

"To, ka dai sani. Naman da dafi ya taɓa ba ya shiga cikin mai jego. Allah ya ba da sa'a."

Wahalar ke nan. Kibiya mai dafi ko a cinya ta sami dabba, magana ta ƙare. Wankakkiya kuwa sai ka kai ta zuciya, wato sai ka matsa har ka ji numfashin abin da kake nema. Ga shi shamuwa ta riga ta iso gari, a wurinmu kuma ruwan farko na sauka maharbi zai rataye baka, don namun dawa sun shiga haihuwa.

Gari ya waye mini a kafaɗar Dutsen Gurzau. Wanda bai hau dutsen nan a ƙarshen bazara ba bai san shi ba. Ƙasa ta ƙone ƙurmus, amma itatuwa sun riga mutane jin labarin ruwa. Maje ya fitar da sabon ganye jajawur. Ararraɓi na tsaye tsirara a tsagar dutse, ɓawonsa na saɓulewa fallai-fallai, ƙanshin ƙaronsa ya cika iska. Tururuwa sun yi layi suna hawa sama da fararen ƙwayayensu a baki. Rema, 'yan dabbobin nan na kogon dutse, sun jeru a kan fa suna shan hantsi, kowanne ya kumbura fuska sai ka ce an hana shi gado.

A bakin wani kwazazzabo na ga sawun: kofato siriri mai tsaga, ya nutse a gaba, alamar namiji ne mai nauyi. Na murje kashinsa da yatsa, na ji da sauran danshi. Ya nufi babban bauren da ke can ƙasa, inda 'ya'ya ke zuba a wannan lokaci.

Na ciro kan burtu. Na mahaifina ne, wuyan itace da aka naɗe da baƙar fata, baki na tsuntsun gaske, da jan ƙyalle a maƙogwaro irin na namiji. Na ɗaura shi a goshi, na yafa baƙin zane, na durƙusa. Namun dawa ba sa tsoron burtu, shi ya sa muke aron kansa. Ga ni nan, mutum da jika, ina rarrafe ina saran ƙasa da goshi. Da surukina ya gan ni, da raini ya shiga tsakaninmu har abada.

Sai na ji gum, gum-gum, can ƙasa-ƙasa, kamar ana buga turmi a wani gari.

Burtu ba ya kuka shi kaɗai. Namiji ya kira, mace ta amsa. Amma tun asuba amsar kawai nake ji, babu kiran. Ban gama wannan tunani ba macen burtun ta ɓullo daga bayan wata tinya, baƙa wuluk, maƙogwaronta shuɗi, tana takawa a hankali. Ta tsaya daf da ni. Ban taɓa ganin idon burtu kusa haka ba. Ashe gashin ido gare su, zara-zara. Ta karkata kai ta dubi jan ƙyallen nan, ta tafi, ta dawo da fara a baki, ta ajiye a gaban bakin da ke goshina.

Na kaɗa kai don ta tafi. Ita ma ta kaɗa nata.

Gajimare ya gangaro daga ƙololuwa ya kwanta a cikin kwazazzabon, komai ya yi fari-fari. Muka shiga ciki tare. In na sari ƙasa ta sara, in na tsaya ta tsaya. Duwatsu suka daina cin gwiwata, ko kuma ni ne na daina ji. Tun da Hakama matata ta rasu ba wanda ya jera da ni a hanya, yana jira in na yi jinkiri. Kewarta ta taso mini. Na so tafiyar nan ta ƙi ƙarewa, wallahi na so.

Ƙanshin ruɓaɓɓen baure ya dawo da ni. Ga mazon nan, ja mai ɗigon fari a cinya, ƙahonsa a murɗe. Ya ɗaga kai, ya ga burtu biyu suna kiwo, mata da miji, ya mayar da baki ƙasa. Da ni kaɗai ne da ya yi shakka. Ita ce ta kai ni har inda nake jin taunarsa.

Hadari ya yi gunji a bayan dutse. Ba a harbi da burtu a goshi, dole in cire shi in miƙe, a gabanta. Hannuna ya yi nauyi. Sai siririn kukan jikana ya faɗo mini a rai. Na fizge kan, na tashi a kan gwiwa, na ja tsirkiya har kunne. Kibiya ta shige bayan hammatarsa. Ya yi tsalle ɗaya ya kife, na ruga na yi bisimilla na yanka.

Da na waiwaya, macen burtun ba ta tashi ba. Tana tsaye a gaban kan burtun da ke yashe a ƙasa, tana tura shi da baki a hankali, ko zai motsa. Ta dube ni sau ɗaya, ta koma kansa. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mini a wuya.

Na ɗauki kan, na kafa shi a reshen ararraɓi mai kusa da ƙasa, na ɗaure da igiyarsa tamau, na lulluɓa masa baƙin zanen.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah," na ce. "Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Na saɓa mazo na gangaro cikin ruwa, ƙasa na ƙanshi, ban sake waiwaye ba.

Tabawa ta sha romo har ta nemi ƙari. Ba a daɗe ba jaririn ya kama nono, ya buɗe murya ya hana unguwa sakat. Da ta tambaye ni ina kan burtun kakanta, na ce na ba da aro.

Wata asuba bayan ruwa ya zauna, ina alwala, na ji shi daga kan Gurzau. Kira mai kauri, sannan amsa.

"Iya, kin ji?"

"Na ji mana. Burtu ne da matarsa. Yau ka fara ji?"

Wataƙila wani namiji ne ya ƙetaro daga bayan dutse. Haka nake gaya wa mutane. Amma da kaka ta yi na hau na duba. Zanen na nan ya ruɓe a kan reshe, igiyar na nan, ƙullin da na yi da hannuna bai kwance ba. Kan ne kawai babu.