Hular Gashin Kaza

Roshini na juya roti, gurasar Indiyawa, a kasko, zafin la'asar na birnin Georgetown ya gama dafa ta ita ma, sai ga mahaifiyarta ta faɗo kicin ba ko gaisuwa. Drupatie sunanta, amma tun da aka haifi jikarta Ishani kowa a layin yake ce mata Nani, wato kaka.

"Ajiye wannan ki saurare ni! Na samo wa yarinyar nan hanya."

Roshini ko juyowa ba ta yi ba. Wata huɗu ke nan suna zarya a makarantar ƙasa-da-ƙasa ta bakin teku, inda 'ya'yan ma'aikatan man fetur ke karatu. Tsarin makarantar shi ne ba a barin ƙabila ɗaya ta cika aji, kowace da rabonta. Rabon Indiyawa, ƙabilar su Roshini, ya cika tuni, masu jiran layi kuwa sun yi yawa.

"Kujeru biyu na 'yan asalin ƙasa babu kowa a kai!" Nani ta buga fom ɗin makarantar a kan tebur. "Ba ɗan ƙabilar Wapishana ne ubanta ba? Ki sa alama a akwatin nan. Ranar intabiyu a kawo kakarta ta wajen uba su gan ta da idonsu, shi ke nan."

"Wace kakar?"

Ovid ne, mijin Roshini, a bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin mai na injin jirgin ruwa. Shekara goma sha biyu ke nan da ya biyo Roshini daga yankinsu na Rupununi, can karkara, inda ta je aikin jinya ta ɗinke masa rauni a ƙafa, shi kuma ya ƙi warkewa don kada ziyarar ta ƙare. A shekarun nan duka bai taɓa ɗaga wa surukarsa murya ba. Yau ma bai ɗaga ba.

"Nani, kakar da kika zaunar a bayan gida wurin wanke-wanke ranar aurenmu? Wadda garin rogonta kike zuba wa kajinki duk lokacin da ta aiko? Ba ke kika koya wa Ishani in an tambaye ta ta ce ita Ba'indiya ce ba?"

"Kai, Ovid, bar tone-tone! Gaban yarinya muke nema."

Ya dubi matarsa. "Rosh, na gaji. Na shanye komai saboda ke. Amma ranar da aka mayar da uwata tikitin shiga makaranta, ranar zan hau motar Lethem in koma gida, kuma ba na jin zan dawo."

Rotin ya ƙone a kasko, babu wanda ya kula.

Kwana biyar gidan ya yi shiru. Roshini na son mijinta, wannan ba a tambaya. Amma ta gaji da ganin Ishani na dawowa daga ajin yara sittin da ciwon kai, ta kuma gaji da uwar da ba ta san kalmar a'a ba. Fom ɗin na nan kan firij, ba ta cike ba, ba ta yaga ba. Irin wannan shiru, in kun tambaye ni, rabin amincewa ne, kuma Nani haka ta fassara shi.

Ana gobe intabiyu, da hantsi, tasi ta tsaya a ƙofar gida. Wata 'yar tsohuwa ta fito, jar ƙurar hanya har girarta, rungume da buhun garin rogo. Ma Filo ce, mahaifiyar Ovid. Awa goma sha biyar ta yi a mota.

"Ɗana! Surukarka ce ta yi waya da kanta, wai Ishani na kewata." Fuskarta duk murna. "Shekara goma sha biyu, yau an kira ni!"

Ovid ya karɓi buhun ya shigar da shi ciki. Nani kuwa har da buɗe ƙofar gaba, har da kujerar baƙi, har da shayi a kofin da ba a taɓawa sai ranar bikin Diwali.

Washegari da safe Ma Filo ta fito cikin rigarta ta zuwa coci, shuɗiya, ta sha guga. Nani ta ƙare mata kallo ta girgiza kai.

"A'a, 'yar'uwa, haka ai ba za su gane ba." Ta zaro wata hula daga leda, ja da kore da rawaya, irin wadda ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a kasuwa. "Sa wannan. Taku ce ta gargajiya."

Ma Filo ta juya hular a hannu, ta shinshina.

"Gashin kaza ne aka rina," ta ce a hankali. "Mu ba ma sa irin wannan." Ta dubi fom ɗin da ke hannun Roshini, ta dubi ɗanta da ya juya baya yana kallon bango. Tsohuwa ce, ba yarinya ba. "To. Ashe ba kewata ake yi ba."

"Ma, tashi mu tafi," Ovid ya ce. Jakarsa na bayan ƙofa, tun asuba ya haɗa ta.

"Zauna, Ovid. In hular kaza ce za ta buɗe wa jikata ƙofa, zan sa. Na sha abin da ya fi wannan a gidan nan."

Ta ɗora a kanta. Hular ta yi mata yawa, ta zamo har kan ido.

Ishani ce ta fara fashewa da kuka. "Mommy, please, ki cire mata! Dariya za su yi mata!"

Roshini ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba a rayuwarta. Ta durƙusa gaban tsohuwar, ta cire hular, ta gyara mata furfurarta da yatsu, hawaye na zuba.

"Ki yafe mini, Ma. Shekara goma sha biyu ina gani ina yin shiru."

"Roshini! Za ki kashe wa yarinya gaba saboda hula?"

"Mama, ya isa! Yau dai ya isa."

Su biyar suka je. A harabar makarantar yara na ta guje-guje, Turawa, Sinawa, 'yan Brazil, baƙaƙen fata, Indiyawa, duk cikin riga iri ɗaya. Matar da ke karɓar ɗalibai ta duba fom ɗin ta ɗago kai.

"Madam, akwati biyu kika sa wa alama. Ɗaya ake so."

Roshini ta ce, "Kakanninta biyu ne. Ga su nan zaune. Ki zaɓa mini wadda zan goge."

Matar ta cire tabarau ta murza ido, da gani ita ma ta gaji da akwatunan nan. "To sai layin ruwa-biyu. Bana babu wuri. Kujerun can biyu kuwa dama na yaran ƙauyuka ne da suka taso a can."

"Daidai ne," Ma Filo ta ce. "Akwai 'yar maƙwabciyata mai ƙwaƙwalwa. Ba ni fom ɗaya."

A mota Nani ta yi ta mita har gida. Ovid na tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da na matarsa. Da suka isa ya ɗauki jakar nan ya mayar da kayan cikin durowa, ɗaya bayan ɗaya.

Shekara guda suka ƙara jira, kuma ba ta yi daɗi ba. Ishani ta koma ajin yara sittin. Amma hutun Agusta a Rupununi ta yi shi, ta dawo ta iya soya garin rogo, tana gaida ubanta da yaren da ya kusa mantawa. Da shekara ta zagayo aka kira su, wuri ya samu a layin ruwa-biyu. Ranar farko Ishani ta tarar da 'yar maƙwabciyar Ma Filo ta riƙe mata kujera.

Wanda ka raina jiya, kada ka nemo shi yau don kawai yana da amfani. Aure kuma haƙurin mutum ɗaya ba ya riƙe shi har abada, dole wata rana ɗayan ya buɗe baki. Ovid ya yi haƙuri, Roshini ta yi magana, suka tsira da gidansu.

A walimar da aka yi ta murnar shigar Ishani makarantar, Ma Filo ce a kujerar girma, Nani na zuba mata miya da hannunta, tana ƙunƙuni wai garin rogon nan in an jiƙa shi da kyau ba laifi. Tun daga ranar kajinta ba su ƙara ganin ko ƙwaya ɗaya ba.