Tubali Mai Ba da Wuta ta Gaba

A wani gari can, wata yarinya da ƙanwarta suna noman lambu a wasan kwamfuta. Yayar ta ƙera tubali mai ba da lantarki, ta rubuta masa umarni: wuta ta fita ta gabansa kawai. Ta juya fuskarsa wajen famfon da ke ba lambunta ruwa, famfon lambun ƙanwa yana baya.

"Yaya, tumatirina yana bushewa."

"Gaba kawai yake bayarwa."

Yaya ta tafi wanke-wanke, ƙanwa ta juya tubalin. Yaya ta dawo, ta juya abinta. Juya nan, juya can, har lambunan biyu suka yi yaushi.

Sai yaya ta gyara umarnin: gaba da baya. Famfo biyu suka tashi.

Ƙanwa ta matso. "Yaya, gefe fa? Kajina ba su da fitila."