Baƙin da Suka Sauka Gidan Bawale

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba a wani gari ya faru ba, nan bayan gidajenmu ne.

Kun san kurmin bayan unguwa, mai maɗaci da darbejiya. Kuna ƙanana ya fi haka duhu. Da masu gawayi suka fara satar sara, unguwa ta kafa 'yan sintiri, aka ɗora Bawale tela a kansu. Shi ya fi kowa ɗaga murya a taro. Har rantsuwa ya yi gaban mai unguwa cewa ko reshe ba za a ƙara karyawa ba.

Ashe ya shirya da masu gawayin.

Wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, ya buɗe musu hanya suka shiga da injin yanka itace. Shi ya tsaya bakin kurmi yana duba masu zuwa. Rana tsaka. Yana ji babban maɗacin ya faɗi, ƙasa ta girgiza. Tsuntsaye suka yi tsit.

Can sai ga wata tsohuwa ta fito daga ciki. Tabarma a kai, tukunya a hannu, goye da jariri. Tana taka busasshen ganye, ganyen bai yi ƙara ba.

"Sannu da aiki, mai gadinmu," in ji ta.

Muryar kamar mutum biyu ke magana tare. Bawale ya sunkuyar da kai. Nan ya ga ƙafafunta. Dugadugan ne a gaba.

A hankali ta gaya masa maɗacin nan gidansu ne, an rushe shi jikanta da ke goye yana barci a ciki. Ta ce sun ji rantsuwar da ya yi, tun ranar suke barci da kwanciyar hankali.

"Mun san ba ka gan su ba ne," ta ce. "Da ka gani, da ka hana."

Ta tambaye shi ina za su sauka, sannan ta ba kanta amsa.

"To, sai gidanka. Ba mu da wani amini."

Ya kwasa da gudu. Yana isa ya tarar da tabarma shimfiɗe a zaurensa, ba irin ta gidansa ba.

Ba su cuce shi ba, wannan ne abin. Matarsa Asabe kan tashi ta tarar an share tsakar gida, randa cike da ruwa. In ya zauna kan keken ɗinki, sai ya ji raɗa a bayan kunnensa, ana yi masa godiya. In ya kai loma baki, godiya. Ya daina cin abinci. Ya rame har rigunansa suka yi masa yawa.

Daga ƙarshe ya je gaban mai unguwa, mutane na zaune, ya cire hula ya faɗi komai. Ba wanda ya zage shi. Mai unguwa ya dube shi ya ce, "Bawale, kai?"

Aka sauya 'yan sintiri, masu gawayi ba su ƙara dawowa ba. Shi kuma ya dasa maɗatai a gurbin wanda aka sare. Tsohuwar ta ce za su koma ranar da inuwa ta isa shimfiɗa. Maɗaci kuwa ba ya gaggawar girma. Har yanzu suna gidansa.

Don haka kada ɗayanku ya ratsa kurmin shi kaɗai da rana tsaka. In kun haɗu da Bawale da bokitin ruwa, kai a ƙasa, ku gaishe shi ku wuce. Kada ku kuskura ku ce masa an gode.