Burushin Gashin Beyar

Da yamma liƙis Auta ta fita neman gashi.

Mai zane ce. Ta ajiye aikinta na kamfanin talla, mahaifiyarta na ta mita, don ta yi littafi guda: labarin zane na wata uwar beyar da 'ya'yanta biyu, yadda suke kamun kifi da yadda suke barci a kogo. A kan allon kwamfuta take zana komai da alƙalamin roba. Ita kuwa ko a mafarki ba ta taɓa ganin beyar ba, wannan ƙatuwar dabbar daji mai gashi ta ƙasashen sanyi. Editan kamfanin buga littafi ya duba shafukan ya ce komai ya yi, ban da gashin. "Wannan ai tsumman goge ɗaki ne," in ji shi. "Ki gyara, ko mu ba wani gurbinki."

Sai aka kwatanta mata shagon wani mai tsofaffin kaya a bayan layin makanikai, wai yana da fatar beyar.

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ta. Warin tsohon kitse ne da ya ruɓe, haɗe da ƙarnin jiƙaƙƙen kare. Ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ratsa matattun fankoki da agogunan da suka daina tafiya. Fatar tana shanye a kan wata karyayyar kujera, baƙa, da kanta da faratanta, bakin a wangale. Ƙudaje sun cika shagon, amma ko ɗaya bai sauka a kanta ba.

"Ɗauki hoto iya son ranki, 'yata," in ji tsohon mai shagon, murya ƙasa-ƙasa. "Amma kada ki raba ta da ko sili ɗaya."

"Baba, ai matacciya ce."

"Beyar ɗin ta mutu. Sai dai gidan da aka bari babu kowa ba ya daɗewa babu kowa."

Da kunne ya ji, da jiki ya tsira. Tsohon yana juya baya zai kunna fitila, Auta ta kai hannu wuyan fatar ta fizgi gashi cikin yatsu biyu. Ya taho da ɗan guntun fata a gindinsa, mai danshi, mai ɗumi. Duk da haka ta naɗe shi a takarda ta jefa a jaka.

A gida ta shimfiɗa gashin a kan gilashin sikana, ta ɗauki hotonsa, ta mayar da shi burushi. Shi burushin kwamfuta haka yake: ka ba shi siffa ɗaya, duk inda ka ja alƙalami sai ya maimaita ta sau dubu. Ja ɗaya ta yi a bayan uwar beyar, gashi ya tashi luf-luf, yana sheƙi kamar a shafa. Ta aika wa edita shafin. Kafin ta ajiye waya ya kira yana ta sa mata albarka. Shi ke nan, Auta ta bi littafin shafi-shafi tana lulluɓe shi da gashin sata.

Mahaifiyarta ce ta fara jin warin. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta yamutsa fuska.

"Auta, ɓera ne ya mutu a ɗakin nan, ko ke ce kika yi hannun riga da wanka?"

Suka ɗaga katifa, suka ja akwatuna, ba su ga komai ba. Aka kunna turaren wuta, warin ya cinye turaren. Allon kuma ya fara maiƙo. In ta goge shi da farin ƙyalle, sai ƙyallen ya fito rawaya, yana danƙo. Wata safiya ta tarar da baƙin sili ya nannaɗe bakin alƙalamin. Ta ja shi, ya yi ta fitowa, ya fi tsawon hannunta. Ranar ko shayi ba ta iya sha ba.

Sai ɗan beyar ɗaya ya ɓace daga shafin bakin kogi. Ta sake zana shi. Washegari babu shi, cikin uwar kuwa ya ƙara tudu, bakinta ya jiƙe. Auta ta daɗe tana kallon shafin. Ta san ba ita ta zana wannan ba. Amma shafi ɗaya ya rage mata, littafin ya kusa fita, ga sunanta a bango. Ta ce wa kanta gajiya ce. Wallahi, mai kwaɗayi ya fi kowa iya yi wa kansa ƙarya.

Ana gab da magariba ta zauna wa shafin ƙarshe, inda uwar beyar ke kwance a kogo. Mahaifiyarta tana kicin, ana jin ƙarar cokali a tukunya.

Ta ɗora alƙalami. Allon ya yi laushi.

Ta danna. Ya lotsa kamar tumbi.

Warin ya taso, mai kauri, har tana jin ɗanɗanonsa a harshe. Gilashin ya yi raɓa daga ciki, ya washe, ya sake yin raɓa. Numfashi ake yi.

Ta so janye hannu, hannun ya ƙi. Gefen tafinta ya nutse cikin jiƙaƙƙen gashi, silin suna bin yatsunta ɗaya bayan ɗaya, suna neman ƙofar shiga ƙarƙashin farce.

Duk mai zane a allo yana da ɗabi'a ɗaya. In ya yi kuskure, yatsu biyu yake bugawa a allon, abin da ya zana ya koma baya. Auta ta buga da hannun hagu.

Murmushin da ta zana wa beyar ya goge.

Ta sake bugawa. Idanun suka goge.

Ta sake. Hancin ya tafi, kunnuwan suka tafi. Duk abin da hannunta ya zana ya tafi, gashin kaɗai ya rage, da abin da ke sanye da shi.

Ba shi da fuska. Jan nama ne tsirara, yana naso, yana motsi a ƙarƙashin gashin kamar tsutsotsi a cikin buhu. Ya tsage a tsakiya. Wani dogon abu mai yauƙi ya fito ya lashi gilashin daga ciki, sannan ya lashi wuyan hannunta daga waje.

"Kin faɗaɗa mini gida," aka raɗa mata, daidai kunne. "Saura ɗaki ɗaya."

Da ƙyar ta ce, "Mama."

Cokali ya faɗi a kicin. Mahaifiyar ta shigo da gudu, ta ga abin da ta gani, ta hau salati. Ta fizge wayar wuta daga bango, amma allon yana da batir, ko ƙiftawa bai yi ba. Ta rungumo 'yarta ta baya tana ja, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Hannun ya nutse har wuyansa.

"Kashe shi, Auta!"

"Mama, littafin ne duka!"

"Littafin ne ya haife ki? Kashe shi!"

Da yatsan hagu Auta ta lalubo jakar cikin kwamfutar da ta tara shafukan da burushin. Ta danna gogewa. Kwamfutar, da ladabinta, ta tambaya ko ta tabbata.

Harshen ya kai gwiwar hannunta.

Ta tabbata.

Aka ji wani sauti kamar an zare ƙafa daga taɓo. Su biyun suka zube a ƙasa. Allon ya yi fari fat, wani ruwa mai rawaya na ɗiga daga gefensa. Auta ta yi ta amai har babu abin da ya rage a cikinta.

Da gari ya waye ta buɗe takardar da ta naɗe gashin don ta mayar wa tsohon, ta tarar babu komai a ciki. Edita ya ba wani gurbinta, kamar yadda ya faɗa. Ta koma kamfanin talla, tana zana kwalaben lemo da sabulu, abubuwa masu santsi. Ko mage aka ce ta zana, sai ta ce a ba wani.

Rigunanta yanzu duk masu dogon hannu ne. A wuyan hannunta na dama, daidai inda aka lasa, akwai wani ɗan wuri da ba ya jin sabulu, baƙin gashi na tsirowa a kansa. Mahaifiyarta ce ke sayo reza in ta je cefane, ta ajiye mata a banɗaki. Da farko fakiti ɗaya yana kai su wata. Yanzu ba ya kai mako.